Gwangwanin Baba Godwin

Duk Kakuri an san Baba Godwin da cuta guda: ba ya iya ganin abu ya lalace bai buɗe cikinsa ba. Tun yana gyaran injuna a masaƙa haka yake. Da masaƙar ta rufe sai ya kafa tebur a ƙofar gida, ana kawo masa fanka da rediyo da dutsen guga. Kai, mutumin nan ko agogonka ne ya tsaya kana gaishe shi, sai ka ga hannunsa ya nufi sukundireba! Kuma ba ya zubar da komai. Duk abin da ya cire, sai ya juya shi, ya shinshina, ya jefa a gwangwanin madara.

Matarsa Caroline tela ce. Wata Asabar tana goge ɗinkin mawaƙan coci da sabon dutsen guga na lantarki, wuta ta ja ta, ta maka ta da bango. Ta rayu, amma yatsu uku na hannun dama suka ƙi lanƙwasuwa. Almakashi ma ya gagare ta. Likita ya ce sai an yi aiki.

Hephzibah, wata lauya 'yar cocinsu, ta zo dubiya. Ta ce idan aibin daga kamfani ne, za a iya kai ƙara su ɗauki nauyin hannun.

"Amma Baba, dutsen shi ne hujjarmu. Kada kowa ya taɓa shi."

Baba Godwin ya sosa ƙeya. Ya shiga ɗaki ya fito da dutsen, fes, ya jona shi. Ya yi zafi lafiya lau. Ashe tun Caroline tana asibiti ya kwance shi, don ya kasa cin abinci bai san dalili ba. Da ya gano, ai sai ya gyara.

"Wayyo Baba! Ka gyara mana hujja?" in ji lauyar, ta dafe kai.

Kunya ta kama shi, amma bakinsa bai mutu ba. Ya ce robar wayar ciki ce siririya, an bi da ita jikin ƙarfe, zafi na narkar da ita. Ya jawo gwangwani ya zazzage a tebur.

"Ga wayar da na cire daga nata nan. Waɗannan kuma na maƙwabta ne, duk kamfani ɗaya. Dubi, a wuri guda suke narkewa. Abin ya daɗe yana ba ni mamaki."

Hephzibah ta matso, idonta ya buɗe. Ta ƙirga: goma sha biyu.

"Ka san masu su?"

Ya sani mana! Ya fara jero su: Mamman mai wanki, matar Stephen, Celina ta Gonin Gora da ta ƙone a gwiwar hannu. Lauya tana rubutawa, ta ce wannan ya fi dutse ɗaya ƙarfi a kotu. Baba Godwin ya ji daɗi, har ya gyara zama.

Caroline kuwa ta matso kusa da teburin. Ta sa hannun hagu ta ware wayar dutsenta gefe, ta kalli sauran.

"Baban Vicky," ta ce wa mijinta a hankali, "goma sha ɗaya ka gani kafin tawa?"

"E."

"Kana zaune a nan na wuce ka da kwalin dutsen a hannu. Har ka ce mini yana da kyau."

Sukundireba na hannunsa, ya rasa inda zai ajiye ta.