Kumburin Jikana da Na Bari Aka Kira Ƙiba

Edita, a lokacin da abin nan ya faru ni ma'aikacin lafiya ne a Talata Mafara, mai digiri a fannin abinci mai gina jiki. Aikina horar da matan da ke rainon yara a gidaje da ƙananan makarantu, daga Mafara har Bakura da Maradun. Ina koya musu soya gero da waken suya da gyaɗa, a niƙa, a dama kunu mai kauri. Darasin da na fi nanatawa shi ne, yaron da ƙafafunsa suka kumbura, gashinsa ya yi ja, ba ƙiba ya yi ba, tamowa ce, kuma a ranar ake kai shi asibiti.

Ɗiyata ta fari tana aure a wani ƙauye na Bakura. Ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa zaman hira da ita ba, haka muka taso muka ga ana yi wa ɗan fari. Da ɗanta ya isa yaye, aka kai shi ɗakin kakarsa ta wajen uba don ya manta nono. Tsohuwar tana sonsa ƙwarai, sai dai tsinkakken koko take ba shi safe da yamma, ba ta kuma ba shi ƙwai, saboda ta gaji cewa yana sa yaro sata.

Wata rana na je wani taron suna a gidan, aka fito min da yaron zaure. Daga bayan ƙofa tsohuwar ta ɗaga murya, wai in dubi yadda ta kiwata maigidanta har riga ta matse shi, mu masu kunun takarda mu zo ta koya mana. Maza suka yi dariya. Na danna yatsa a bayan ƙafarsa, wurin ya lotsa, bai taso ba. Na san abin da na gani. Amma ga surukina zaune, ga mahaifinsa, ga dattawan unguwa; ta yaya uban mata zai buɗe baki ya ce uwar miji ba ta iya raino ba? Na ce Allah ya raya, na miƙa shi.

Da na koma na faɗa wa matata, ita ma nauyin surukai ya hana ta zuwa, ta aiki ƙanwarta. Kafin saƙon ya isa, kowane baki ya rage masa kaifi, har ya koma wai malam na gaisuwa, ya ce a riƙa ƙara wa yaro gyaɗa. Ni kuwa na zauna ina jiran a kawo shi, ina yaudarar kaina cewa na sauke nauyi. An kawo shi a babur bayan zawo ya kama shi, fatarsa na saɓulewa. A asibiti ya cika, a hannun uwarsa.

Wurin zaman makoki tsohuwar ta aiko tana kuka, tana tambaya me ya hana ni faɗa mata a ranar, da ko a ƙasa ne ta goyo shi zuwa Mafara. Ɗiyata kuwa har yau takan zo, ta durƙusa ta gaishe ni, ta tashi. Alkunyar da ta hana ni magana ita ce ta hana ni sanin ko ta yafe min.

Na yi imani kwana ne ya ƙare, amma ban san amsar da zan bayar kan ilimin da na ɓoye ba. 'Yan'uwa, in kun ga alamar tamowa a jikin yaro, ku faɗa a take, ko a gaban wa, kuma ku faɗa wa wadda ke riƙe da ludayin, kada ku aika. Surukan da na ji wa nauyi suna nan, muna gaisawa lafiya. Yaron ne babu.