Ɗiya Huɗu a Takarda

Ni dai Allah ya yi ni da son jin ƙwaƙwaf. Mahaifiyata takan ce in na tsare mutum da tambaya sai ya gwammace kiɗa da karatu. Shi ya sa da aka zo Talata Mafara neman matan da za su shiga gidaje don wani bincike na lafiya, na ce to, yau ga aikin da aka yanka mini.

Binciken na dogon zango ne. Mutanen da aka rubuta tun farko, masu shekara arba'in zuwa sama, su ake komawa wurinsu duk bayan shekara biyu. A auna jini, a hau sikeli, a tambayi barci da abinci da abin da ke damun rai, wai don a gane me ya sa wani ke tsufa da ƙarfinsa, wani kuma ya karye da wuri. Ni aka ba matan wasu gidaje a Bakura da Garbadu da Damaga.

A Damaga akwai wata dattijuwa Bafulatana da nake kira Inna. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta taɓa barina na tafi ban sha nono ba. Zuwana biyu na farko jininta lafiya ƙalau. A na uku sai na'urar awon jini ta nuna abin da ya sa na sake ɗaurawa. Hawan jini sosai! Na duba takarda na shiga jero tambayoyi.

"Inna, ɗiyanki nawa?"

"Huɗu."

"Duk suna raye?"

"Suna nan lahiya lau."

"Akwai abin da ke hana ki barci?"

"Mi za ya hana ni, ɗiyata? Alhamdu lillahi."

Haka na rubuta. Da takardun suka isa ofis, shugaban aikinmu ya kira ni. Ya ce jini ya yi tsalle, mace ta rame, amma amsoshinta ba su motsa ba ko da wasali ɗaya. Ko dai ni na zauna gindin bishiya na cike takardar da kaina, ko kuwa ita ba ta faɗin gaskiya. In ba a samu bayani ba, za a cire ta daga jerin. Raina ya ɓaci ƙwarai, don ban taɓa cika takardar ƙarya ba. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne Inna. Duk wanda ke cikin jerin, in an ga jininsa ya hau, ana ba shi takardar zuwa asibiti ana bibiyarsa. In aka cire ta, wa zai ƙara ɗaura mata abin awo a wancan ƙauye?

Ranar kasuwar Maradun na hau mota, daga can na ɗauki ɗan acaɓa. Ban tarar da Inna ba, ta tafi ɗebo ruwa. Faccalarta, matar ƙanen mijinta, ita ta shimfiɗa mini tabarma. Bayan mun gama gaisuwa na ce, "Ni kuwa ɗiyan Inna huɗun nan, ina suke zaune?"

Ta dube ni kamar na yi saɓo. "Huɗu? Ai biyar ta haifa. Babban ne Allah ya yi wa rasuwa bayan ƙaramar Sallah. Zazzaɓin kwana uku."

Inna lillahi! Sai na ji kunya ta rufe ni. Ni ɗin nan da ban taɓa jin mahaifiyata ta kama sunan yayanmu ba, ni ce na manta cewa uwa ba ta lissafa ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta nuna ta damu da shi. Tun zuwana na farko Inna ta cire shi daga ƙidaya saboda kunya. Yana raye huɗu ne, ya rasu huɗu ne. Ba ta yi mini ƙarya ko sau ɗaya ba, takardarmu ce ba ta da gurbinsa.

"Ta yi kuka kuwa?" na tambaya.

"Haba Malama! A gaban wa? Ranar ma ita ta yi ta ba masu gaisuwa ruwa."

Nan take na juya bayan takardar na rubuta wa shugabanmu bayanin da zai hana a cire ta. Ina gamawa Inna ta shigo da tulu a ka. Muka shiga ɗakinta mu biyu. Na so in yi mata ta'aziyya, amma na san in na ambace shi, tashi za ta yi ta bar mini ɗakin. Sai na ce na dawo ne in sake awo, wancan bai yi daidai ba.

Ta miƙo hannu. Na naɗa mata ƙyallen a damtse, na soma matsa robar iska. Ƙyallen na kumbura, sai na ga hawaye ya gangaro mata, ɗaya na bin ɗaya, fuskarta kuwa ko motsi.

"Abin nan naki akwai zafi yau," in ji ta.

"Bari in sassauta, Inna."

Ta riƙe mini wuyan hannu. "A'a. Ƙara matsawa, ɗiyata."

Na ƙara. Sau huɗu na auna ta a zaman nan, ban rubuta ko ɗaya ba.