Yaya, Mai Tambayar Asalin Zinariya

Na Allah ne mu, kuma wurinSa za mu koma. A safiyar Talata, goma sha ɗaya ga watan Maris, Allah Ya karɓi ran yayata, wadda muke uwa ɗaya uba ɗaya, bayan gajeriyar jinya a asibiti. Likitoci sun ce zuciya ce. Ita ta riƙe shagon kayan ado na gidanmu tun rasuwar mahaifinmu, ni kuma nake ƙera abin da ake sayarwa a cikinsa. An yi mata sutura a ranar, jama'a sun taru, sun yi gaisuwa, sun watse. Abin da na kasa faɗa a gabansu shi nake rubutawa, domin ni mai in'ina ne, kuma in zuciyata ta cika, harshena ɗaurewa yake yi gaba ɗaya.

Yaya, ɗaki biyu ne shagon nan, kin sani. Na gaba naki ne, da akwatin gilashi, da sikeli, da kujerar nan mai hannu wadda kika hana a canza mata fata. Na baya nawa ne, da murhu, da uwar maƙera, da awartaki da magagari, da 'yar tagar da ke kallon lungu. Labule ne kawai a tsakaninmu. Mun tsufa a haka, ke kina magana da mutane, ni ina bugun ƙarfe ina sauraro. Kina cewa Allah Ya raba mana gado tun kafin Baba ya rasu, ke aka ba baki, ni aka ba hannu. Har furfura ta cinye mini kai ba ki daina kirana Auta ba, kuma a gaban masu saye kike yi, su leƙo suna neman yaro su tarar da tsoho.

Mutane da yawa sun san ki da tambaya, amma kaɗan ne suka san inda ta samo asali. A shekarun farko bayan rasuwar Baba, wurin dillalai muke sayen zinariya kamar kowa, ba mu taɓa cewa daga ina ba. Sai wata rana kika ce za ki je inda ake haƙo ta, ko za mu samu sauƙi in muka saya kai tsaye. Ciniki ya kai ki. Kika dawo ba ki sayo komai ba, kuma ba ki yi wa kowa hira ba, ke da ba kya iya shan ruwa ba ki yi magana ba. Washegari kika ɗaga labule, kika cire 'yan kunnenki, kika ajiye a gabana.

Kika ce, "Auta, ka san hannun wa ya wanke zinariyar nan?"

Na ce ban sani ba.

Kika ce, "Ni na gan shi. Rawa yake yi."

Sannan kika zauna a kan bencina kika ba ni labari. Mata ne ke cuɗa laka da zaiba da hannu tsirara, don zinariya ta kama, su ƙona ta a ɗakin da suke girki, hayaƙin ya bi su da 'ya'yansu. Kin ga wata da ba ta iya kai kofi baki sai ruwan ya zube. Kin ga rafin da suke wanki a ciki, wanda suka ce a da har kifi suke kamawa. Kika ce tun daga lokacin, in kika dubi akwatin gilashinmu, hannun matar nan kike gani.

A makon kika tara mu, ni da ke da ɗan'uwanmu na tsakiya, kika ce daga yau shagon Baba ba zai sayi zinariyar da bai san hanyarta ba. Ɗan'uwanmu ya ce, "Yaya, mu maƙera ne ko alƙalai? Duk kasuwar nan haka ake yi." Kika ce kin sani, amma ke kin gani da idonki, kuma ba ki da inda za ki kai abin da kika gani. Ba a yi zagi ba, ba a ɗaga murya sosai ba. Bayan 'yan watanni ya buɗe nasa shagon a wani layi, muka rage mu biyu. Kuna gaisawa, kuna zuwa sunan 'ya'yan juna, amma na san rabuwar nan ta ci ki. Duk sa'ad da aka ce shagonsa ya ƙara girma sai ki ce, "Allah Ya ƙara," kuma da gaske kike, sai dai ki daɗe kina goge gilashin da ba shi da datti.

Shekarun da suka biyo baya sun yi wuya. Rabin akwatin gilashi babu komai. Maƙwabta suka sa wa wurinmu suna Shagon Tambaya, don duk wanda ya kawo zinariya sai ya faɗi inda ya samo. Ina tuna wani dillali da ya gaji da ke, ya ce, "Haba baiwar Allah, zinariya ai ba ta da uwa ba ta da uba." Kika tura masa ƙullinsa kika ce, "To tawa tana da su." Na yi dariya a bayan labule har na kusa ƙona yatsa.

Da tsofaffin kaya muka rayu. Sarƙa da ta tsinke, zobe da ya matse, ɗan kunne da ya rasa ɗan'uwansa, su muke narkawa mu ƙera sabo. Ke kuma kika yi ta komawa wurin matan nan, a motar da ke girgiza ƙashi, har kika samu wasu da suka yarda su bar zaiba su riƙa wankewa da ruwa da kwano kaɗai. Aikin ya fi jinkiri, abin da ake samu ya fi ƙanƙanta, kika ce ke za ki ɗauki nauyin bambancin. Kin kai musu safar hannu da takalman roba, kin sa kafinta ya haɗa musu katako mai gangara na tace yashi. Uwar tafiyarsu, wata gajeriyar mace mai kaifin ido, ita ke kawo mana abin da suka tara, ɗaure a bakin zane. In ta zo, ba a taɓa sikeli sai kun gama tambayar juna lafiyar kowa, har akuyar da ta haihu.

A cikin shago ma ba ki bar mu ba. Ruwan asid da nake wanke ƙarfe da shi kin hana a zuba a kwata, sai an kashe kaifinsa da farar ƙasa an tara a durom, domin a ƙarshen lungun akwai masu shuka alayyafo. Jakunkunan da muke sa kaya a ciki, daga ƙyallayen da tela maƙwabcinmu ke zubarwa kike sa a ɗinka su, babu biyu masu kama da juna. Kafin in ci abincin rana sai na wanke hannu a tasa ta musamman, don ƙurar zinariyar da ta maƙale ta kwanta a ƙasa. Kina cewa ranar da zan aske gemu in gaya miki, za ki zo da sikeli.

Akwai abin da ba zan manta ba. Wata mata ta kawo abin wuyan mahaifiyarsu da ta rasu, ta ce a narka a yi zobe uku, domin ita da ƙannenta biyu sun yi ta rigima a kansa har ba sa shiga gidan juna. Kika ce ba za a sa shi a wuta ba sai su ukun sun zo. Ta ce ba za su zo ba. Kika karɓi lambobinsu kika kira su da kanki, kika yi ta lallashi kamar ke kika haife su. Ranar da suka zo kika shigar da su ɗakina, inda ba kya barin kowa ya shiga, suka tsaya kafaɗa da kafaɗa don wurin ba shi da faɗi. Suna kallo abin wuyan ya yi ja, ya lanƙwashe, ya zama ruwa. Ƙaramarsu ce ta fara kuka, sauran suka bi. Ba zan ce sun shirya a ranar ba, ta tsakiyar ko sallama ba ta yi wa 'yan'uwanta ba da za ta tafi. Amma ta dawo ta karɓi zobenta, kuma ranar gaisuwarki na gan su su ukun a kan tabarma ɗaya.

A hankali mutane suka fara nemanmu saboda abin da aka yi mana dariya a kansa. Amarya za ta zo ta ce tana son zoben da za ta iya faɗin inda ya fito. Ke kuma ki faɗa mata, har da sunan matar da ta wanke yashin. Ba mu yi kuɗi ba, amma ba mu rufe ba.

A asibiti ɗan'uwanmu ya zo ya zauna a gefen gadonki, ya kasa cewa komai. Kika dube shi kika ce, "Kai ma in'inar ta kama ka?" Ya yi dariya, dariyar ta juye ta zama kuka, kika riƙe hannunsa har kika yi barci. Bayan an share makoki ya same ni a shago, ya ce in rufe in koma wurinsa, akwai benci, akwai abokan aiki, kada in zauna ni kaɗai. Da kyakkyawar zuciya ya faɗa. Ya san matata ta daɗe da rasuwa, ba mu haihu ba, kuma in na kulle shago babu mai jirana a gida. Na ce zan yi tunani.

Yaya, gaskiya na yi tunanin. Shirun wurin nan ya fi ƙarfina. Na ɗaure labulen a gefe don in ga mai shigowa, amma da kujerarki nake fara haɗa ido. Mai shayi har yanzu kofi biyu yake kawowa, ya tuna a bakin ƙofa, ya juya da ɗaya. In na gama zobe sai in ɗaga shi sama ina jiran ki ce gefen nan bai yi sumul ba. Masu saye su shigo su ce ina mai shagon, ni kuma in tsaya ina kokawa da kalma ɗaya har su gane da kansu.

Sai ga uwar tafiyar matan nan ta iso, ranar Litinin da hantsi, da ƙurar hanya a ƙafarta. Wayarta ta lalace, labari bai kai musu ba. Ta shigo da fara'a tana tambayar ina ƙawarta take, ta zo mata da albishir, 'yar da aka haifa musu bara ta fara tafiya. Ni ne na gaya mata. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba, amma ba ta katse ni ba, ba ta ƙarasa mini magana ba, ta jira har na kai ƙarshe. Sannan ta zauna a ƙasa, ta ja mayafi ta rufe fuska. Muka daɗe a haka, babu mai ba wani haƙuri.

Da ta natsu ta kwance bakin zanenta, ta riƙe ƙullin a hannu, ba ta miƙo ba.

Ta ce, "To Baba, yanzu wa za mu riƙa kawo wa? In babu mai saye a yadda take saye, mazanmu za su ce mu koma wa zaiba."

Na ce, "Ni."

Na jawo sikeli na auna, ta sa ido kamar yadda ta saba. Da yamma na taka har shagon ɗan'uwanmu na yi masa godiya, na ce ina nan inda kika bar ni. Ya ce in na tara tsofaffin kaya da yawa in aiko masa da wasu, yana so ya gwada. Ban san ko zai ɗore ba. Na dai so a ce kina nan kin ji da kunnenki.

Allah Ya jiƙan ki, Yaya. Allah Ya gafarta miki kurakuranki, Ya yalwata miki kabari, Ya haskaka shi. Hannuwan da kika kuɓutar daga cuta da ruwan da kika hana a ɓata, Allah Ya sa su a ma'aunin ayyukanki na alheri. Allah Ya haɗa ki da Baba da Inna a cikin rahamarSa.

Ina miƙa ta'aziyya ga mijinki, Malam, wanda ya yi haƙuri da tafiye-tafiyenki bai taɓa cewa ki zauna ba. Da 'yarki da jikokinki. Da ɗan'uwanmu da iyalinsa. Da tela da sauran maƙwabtan layinmu. Da matan bakin rafi waɗanda labari zai iske su a bakin uwar tafiyarsu. Allah Ya ba mu haƙurin rashi, Ya kyautata namu ƙarshen.

Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a. In ya gama, ya sa ni a ciki, Allah Ya ba ni ƙarfin sa makulli a ƙofar nan kowace safiya.