Ƙofar Bayan Motar Yayana

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in ɗauki biro. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma ina tsoron a ce ina tallar alheri, ko a ce mutum yana zaune lafiya ya tsiro da zancen gawa. Na fara na ajiye, na sake farawa na sake ajiyewa. Abin da ya sa na daure yau shi ne yayana yana kwance, jikin kullum baya yake yi, kuma akwai abin da ya roƙe ni wanda ban san yadda zan cika masa ba.

Motata tsohuwar jif ce 'yar Kwatano. Yayana ne ya saye ta lokacin da yake da ƙarfi yana harkar yadi a Kakuri. Da ciwo ya kwantar da shi sai ya bar mini ita, nake ɗan dakon kaya daga kasuwa zuwa shagunan Makera da Nasarawa. Ban taɓa nufin ta zama motar gawa ba. Wata rana wani maƙwabcinmu ya rasu, motar masallaci tana gareji, aka kwantar da kujerun bayan tawa, makara ta shiga. Tun daga ranar, duk wanda ya rasu a layinmu ko layin baya, ƙofata ake ƙwanƙwasawa. Maƙwabtanmu Kiristoci ma haka, sai dai nasu akwati ne, wani lokaci har ƙauye nake kai shi. Ban taɓa cewa a'a ba. Bakina ba ya iya faɗinta ga wanda ya zo da jajayen idanu.

Ƙofar bayan irin wannan mota sama take buɗewa, kuma tana da nauyi ƙwarai, ga gilashi ga ƙarfe. Wasu ƙarafa biyu ne masu iska a ciki, ɗaya dama ɗaya hagu, suke tura ta sama su riƙe. Makanikai suna ce musu shokazoban but. Nawa sun fara gajiya a hankali. Da farko in na ɗaga ƙofar sai ta tsaya, ta ɗan yi tunani, sannan ta fara saukowa kamar mai gyangyaɗi. Daga baya ta daina tunanin ma. Sai na yanko gora nake tokare ta da ita.

Gora ta isa in buhunan shinkafa kake saukewa kai kaɗai. Jana'iza daban ce. Duk wanda ya taɓa raka gawa ya san kowa yana so hannunsa ya taɓa makara, ko da yatsa ne, don ya samu ladan ɗauka. Ba a layi, ba a jiran wani. Da an buɗe but sai kawuna su cika ƙarƙashin ƙofar. Ranar da muka kai wata tsohuwa, gwiwar hannun wani ta ture gorar. Ƙofar ta sauko ta daki wani dattijo tela a ƙeya, hularsa ta faɗa cikin motar kusa da mamaciyar. Allah Ya taimaka wasu suka tare da sauri. Dattijon ya shafa ƙeya, ya dube ni ya ce, "Malam, kabari ɗaya aka haƙa fa. Kar ka ƙara wa masu haƙa aiki."

Mutane suka danne dariya. Ni ban ci abinci ba ranar. Na yi ta ganin yadda abin zai kasance da kan yaro ne, ko da a kan makarar ta faɗo.

Daga nan na jefar da gorar, na koma riƙe ƙofar da hannuna. Ina tsaye a gefe, hannu biyu a sama, har a shigar ko a fitar. Na taɓa gwada ba wani ya riƙe. Mutumin kirki ne, ya ce in bar masa. Amma da makarar ta zo wucewa ta gabansa sai na ga ya saki hannu ɗaya yana miƙawa don ya taɓa, ƙofar ta fara rinjayarsa. Ban ga laifinsa ba, saboda a haka muka tashi muka ga ana yi. Sai dai tun ranar ban sake yarda da hannun kowa ba. Shekaru ke nan ina kai mutanen unguwarmu makwancinsu, abin da nake gani ƙeyoyi ne da huluna, hannuna bai taɓa makarar ko ɗaya ba.

Da kafaɗata ta dama ta fara ciwo, maiɗakina ta matsa in je in sayi sababbin ƙarafan. Na je wajen masu kayan gyara. Mai shagon ya zube mini iri-iri a kan teburi, ya ce, "Alhaji, wanda aka saba kake so, ko mai ƙarfi?"

Na ce ni ba Alhaji ba ne, kuma wanda ya fi kowanne ƙarfi nake so, don kan mutane ne a ƙarƙashi. Ya ɗauko wasu na babbar mota, ya ce waɗannan ko raƙumi za su ɗaga. Aka ɗaura. Makonnin da suka biyo baya na samu sauƙin da na manta da irinsa. Ƙofar tana tashi da kanta har sai na kauce kar ta ɗauke mini haɓa, rufewa kuwa sai na rataya da nauyina duka. Na ɗauka wahalar rufewar ita ce alamar aminci.

A Narayi abin ya faru. Mun kai akwatin mijin wata maƙwabciyarmu gidan ɗan'uwansa, mata suna waƙoƙin coci a tsakar gida. Ina ɗaga ƙofar na ji ƙas. Gindin ƙarfen na dama ya fizge daga jikin ƙofar tare da guntun ƙarfe, ja, yana marmashewa a ƙasa. Na hagu shi kaɗai ya karkatar da ita. Na sa kafaɗar nan mai ciwo na tare, na tsaya a haka har aka gama fitar da shi. Matar ta zo daga baya ta ce, "Baba, sannu, ka sha wahala da mu." Na ce ba komai. Hannun bai ɗagu ba sai bayan kwanaki.

Na kai motar wajen wani mai walda a Nasarawa. Ya ɗauki sukudireba ya soka a gefen da ya fizge, ta shige kamar a burodi. Ya soka a ƙasan gilashi, ta shige. Ya ɗaga robar da ke zagaye da ƙofar, ƙarƙashinta duk tsatsa.

Ya ce, "Baba, a ina zan ɗora walda? Fenti ne kawai yake riƙe da wannan ƙofa. Ka sa wa mara lafiya kayan ƙato, dole ya yage."

Ya ce motocin nan tun daga ƙasarsu suke zuwa da ciwon, saboda gishirin da ake zuba wa tituna lokacin ƙanƙara, a nan kuma a shafe da bodi fila, ƙullin nan na cike ramuka, a fesa fenti. Sannan ya tambaye ni ko ina yawan wanke ta. Na ce duk bayan gawa sai na wanke bayan tas, ciki da waje, don abincin mutane nake ɗauka a wurin, zuciyata ba ta yarda in ɗora buhu ba tare da na zuba ruwa ba. Ya nuna mini wasu 'yan ramuka a ƙasan ƙofar da ruwa ya kamata ya riƙa fita ta nan. Wanda ya yi mata fenti tun kafin ta zo hannunmu ya toshe su. Ruwan da nake zubawa duk shekarun nan a ciki yake kwana. Ga kuma akwatunan da suka fi motar tsawo, da nake ɗaure ƙofar da igiya a rabin buɗe, ta yi ta jijjiga a hanyar ƙauye.

Ya ce sai dai a samo wata ƙofar ɗungurum. Na yi yawo. Duk wadda aka nuna mini, in na ɗaga robar sai in ga tawa ta fi ta lafiya, ko kuma ƙirar wata shekarar ce ba ta zauna ba. Na yi tunanin cire ƙofar gaba ɗaya, amma ba zan iya tuƙa ɗan Adam a cikin likkafani bayansa a buɗe ba, ruwa na dukansa, masu acaɓa na leƙe.

Ranar Juma'ar da ta wuce na je duba yayana. Ya rame har zoben hannunsa yana zamewa, amma bakin nan nasa yana nan. Ya ce, "Yaya amaryata?" Motar yake nufi.

Na ce tana nan tana fama.

Ya ce, "To ka ji. In lokaci ya yi kar ku jefa ni a a-kori-kura kamar buhun masara. A motata zan tafi. Kuma kai za ka kama wajen kaina, ba na son yaran nan su yi ta girgiza ni."

Na ce, "Yaya, don Allah ka bar wannan maganar. Allah Zai ba ka lafiya."

"Amin. Amma ka ji dai."

"In na kama kanka, wa zai riƙe ƙofar?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Kai dai tun kana yaro haka kake. A ba ka tuwo ka fara tunanin wa zai wanke kwano."

Na yi dariyar tare da shi, amma tambayar da gaske nake yinta. Shi ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, shi ya yi mini aure. Ba na so ranar ta zo ina tsaye a gefe hannuna a sama, ina kallon ƙeyoyin mutane suna ɗauke shi. Ba kuma zan iya sakin ƙofar nan a kan kawunansu ba. Kafaɗar ma ban san ko za ta kai ba.

Don haka nake roƙon duk wanda ya karanta wannan. In ka san inda ake samun ƙofar bayan tsohuwar jif mai buɗewa sama wadda tsatsa ba ta ci ƙarƙashin robarta ba, a Kaduna ko Zariya ko ma Kano, ka taimaka ka sanar da ni. In kuma ka taɓa ganin wanda ya yanke ruɓaɓɓen wurin ya dasa sabon ƙarfe, aka ɗaura shokazoba ya riƙe bai sake yagewa ba, ina so in san ko wane ne, da yadda ake gane ƙarfin da ya dace da ƙofa. A Makera, in ka tambayi mai jif ɗin da ke kai gawa, za a nuna maka gidan. Don Allah kar a jinkirta.