Ƙwai Tamanin da Bakwai na Datong

Mariya mai saƙa ba ta taɓa niyyar buɗe gidan gem, wato wasan talabijin, ba, kuma duk wanda ya ce maka ta yi, bai san ta ba. Ni na san ta. Sunana Haladu, aski nake yi a shagon da ke manne da zaurenta a layinmu na bayan Gada Biyu, bango ɗaya ne tsakaninmu, bangon ma na bulo mai rami, har tarinta ina ji. Sana'arta ta asali saƙa rigunan sanyi da hulunan jarirai, tana da ɗan tebur a babbar kasuwar Terminus, kuma a garin da mutum ke alwalar asuba yana cije baki, mai irin wannan sana'a ba ta rasa ciniki. Mijinta direban tifa ne. Ya rasu ya bar ta da gida mai ɗaki uku, da ƙanensa Badruddeen mai sayar da tayoyi, wanda yake ganin tunda babu wansa, shi ne mai faɗa a ji a gidan.

Da kasuwar ta ƙone a 2002, ta je da safe cikin masu kuka da masu tonon toka. Hayaƙi bai gama lafawa ba ta hango wani kwali a ƙarƙashin matakala, inda ita da maƙwabcinta Emenike mai kayan lantarki na gwanjo suke ajiye kaya. Ta ɗauka zarenta ne, ta aza a ka, ba ta sauke ba sai a tsakar gida. Tana buɗewa ta tarar da wata baƙar na'ura, da hannaye huɗu na dannawa masu igiya, da kaset guda. Zarenta kaf ya ƙone, abin da ta tsira da shi kayan wasan wani ne. Ta yi dariya har ta koma kuka. Washegari ta bi Emenike har tasha don ta mayar masa, ta same shi zaune a kan jakarsa zai koma garinsu. Ya ce ta riƙe, dama ya rasa mai saye, saboda komai na cikinsa da rubutun Japan yake.

Datong mai walda na tsallaken titi shi ya jona mata abin a talabijin. Kirista ne, dogo, mai ƙaramar murya, yatsunsa duk tabon wuta, kuma Mama yake ce mata ko da yake bai fi shekara takwas ta ba shi ba. Muka tsaya mu uku muna kallo. Sai ga wasu 'yan tsana huɗu masu manyan idanu, ɗaya gashinta kore kamar alayyahu, suna tsalle suna ihu da wani yare. Wasan kamar lido yake, a jefa ɗan lido a zagaya allo, amma duk zagaye sai a tsaya a yi wani ɗan ƙaramin wasa da bai kai minti guda ba: ture juna daga kan ƙanƙara, tsallake igiya, hura balan-balan, guje wa wani kifi mai haƙora. Irinsu arba'in ne cif. Mutum huɗu ke bugawa, wani lokaci kowa tasa ta fishe shi, wani lokaci na'urar ta haɗa uku su taru wa ɗaya. Ni dai ko an taru ko ba a taru ba, ni ne na ƙarshe, ba sai na ɓoye ba.

Mariya ba ta yi boko mai nisa ba, balle Japananci. Amma matar da za ta kalli rigar sanyi sau ɗaya a jikin wani ta dawo gida ta fitar da zanen, rubutun Japan ma zane ne a wurinta. Ta haddace su da siffa: wannan mai kama da tsani shi ne a fara, wancan mai ƙugiya shi ne a koma baya. Ita ta raɗa wa wasannin sunaye, kuma sunayen suka bi su. Akwai Tuƙin Tuwo, inda ake juya ƙaramin sandan da ke jikin hannun gem da sauri har tafin hannu ya yi bororo. Shi sandan ma muciya take ce masa. Akwai Rabon Faɗa, akwai Gudun Mai Gyaɗa. Sau ɗaya a farkon lamari ta danna wani wuri bisa kuskure, komai da aka tara a kaset ɗin ya goge. Ta kwana biyu ba ta yi wa kowa magana ba. Daga ranar ta san ƙofar gogewa, kuma ba ta taɓa nuna wa kowa ita ba.

Zaure ya cika da 'yan acaɓa da makanikai da masu jiran layin aski a wurina. Surutu ma ya cika unguwa, wai mace mai shekara hamsin ta zauna a benci da ƙattin maza tana wasan yara. Aka kai wa Badruddeen, ya zo da fuskarsa ta babban gida. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta tambaye shi ko cikin masu surutun akwai wanda ya kawo mata ƙullin zare ɗaya ranar da kasuwa ta ƙone. Ta miƙa masa hannun gem ta ce ya gwada, ya kaɗa rigarsa ya fita.

To, ga inda maganar take. Kowane wasa cikin arba'in ɗin yana riƙe suna ɗaya tak, sunan wanda ya fi kowa, da adadin da ya ci. Nan ne kaɗai na'urar ke yarda a rubuta da boko. In wani ya zarce ka, sunanka ya tafi ke nan, ba na biyu ba na uku. Kafin shekara uku Mariya ta kwashe talatin da tara. Hannun da ya yi shekara talatin yana tuƙa tuwo da riƙe kwarashin saƙa, wane ɗan acaɓa! Guda ɗaya ne ya gagare ta, Kwasar Ƙwai. Wata kaza ce a kan gajimare take sako ƙwai, kai kuma kana ƙasa da kwando a ka kana tarewa, tana ƙara sauri, ƙwai ɗaya ya fashe wasa ya ƙare. A nan allo yake nuna DATONG, tamanin da bakwai. Hannun mai walda ba ya rawa.

Abin ya tsaya mata a rai ƙwarai. Duk Asabar da la'asar sai Datong ya rufe shagonsa ya tsallako, ya zauna a ƙarshen benci wajen taga, ya naɗe hannu yana kallon ta tana fama. Ta kai saba'in da tara, ƙwai ya fashe, sai ya girgiza kai da tausayin ƙarya, ya ce da irin Hausarsa:

"Mama, ka huta. Wannan kaza ya san mai gidansa."

Ita kuma ta rantse sai ta sauke shi ko da haƙoranta sun zube. Matarsa Fibi takan aiko mata da dankali daga gonarsu da saƙon a yi haƙuri da mijinta, bakinsa ne kawai. Shekara huɗu suna wannan.

Sai rikicin ƙarshen Nuwamban 2008. Ba zan ba da labarinsa ba, wanda ya gani ya gani. Shagon Datong ya zama toka, shagon tayoyin Badruddeen ma ya zama toka. Datong ya kwashe Fibi da 'ya'yansa ya koma wajen ɗan'uwansa a Bukuru, ba sallama, don ba lokacin sallama ba ne. Layinmu ya koma na mutum iri ɗaya, titin da muke tsallakawa da silifa ya zama iyaka.

Da aka sassauta dokar hana fita Mariya ta buɗe zaure. Ita na'urar nan tana da wata ɗabi'a: in an bar ta ba a taɓa ba, sai ta riƙa jero sunayen gwanaye ɗaya bayan ɗaya. MARIYA, MARIYA, MARIYA, can sai DATONG da manyan haruffa ruwan ɗorawa, 'yar tsana mai koren gashi tana rawa a gefe. Akwai wani ɗan acaɓa Jabir da ya rasa wansa a rikicin. Sunan na fitowa ya ajiye hannun gem ya fita. Wasu kuma suka tsaya. Suka ce a goge. Ba wai Datong ya yi musu wani abu ba, kowa ya san ranar yana ɓoye ne a ramin gyaran mota kamar kowa. Sunan ne ba sa son gani.

Ni ma na ba ta shawarar ta goge, kuma har yau ina jin kunyar wannan. Na ce mata suna ne kawai a talabijin, zaman lafiyarta ya fi. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce ashe dai ba a gem kaɗai nake zuwa na ƙarshe ba.

Suka nemi ƙofar gogewa da kansu. Suka yini suna danne-danne cikin rubutun Japan, tana zaune a gefe tana saƙa hula, ko ɗaga kai ba ta yi ba. Suka koma neman zarce shi, gwaninsu ya tsaya a hamsin da biyu. Daga nan aka fara ƙaurace wa zauren. Benci mai ɗaukar mutum goma ya koma ni da ita da hannaye biyu a rataye. A kwanakin nan ne na fara jin kukan kazar nan ta bango kullum da hantsi, kafin in buɗe shago. Na ce a raina ta sauko, tana shirin cire sunan ta hanyar da ba za a ce an tilasta mata ba, har na ji daɗi.

Badruddeen ya zo wata Laraba. Ba mugu ba ne, mutum ne da ya tsorata kuma ya yi asara, yana gudun wata rana wani mai zafin kai ya cinna wa gidan wansa wuta saboda haruffa shida. Ya ce ko ta goge, ko ya sa ƙafa ya take kaset ɗin. Ta ce ga shi nan, ya take, amma ya sani sai ya fara taka hannunta. Can ya sassauto, ya kawo abin da yake gani mafita ce.

"Yaya, shekara nawa kina neman cin mutumin nan? To ki ci shi. Sunansa ya sauka da kansa, naki ya hau. Ba wanda ya goge, ba wanda ya ji kunya."

Sai ta ce ya tara mutanensa ranar Juma'a bayan la'asar.

Ranar zaure ya cika har waje, har Jabir ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa. Wuri ɗaya ne ba kowa, ƙarshen benci wajen taga, don ta ɗora kwandon zarenta a wurin. Ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta goge tafin hannu a zani, ta danna mai kama da tsani. Kaza ta fara. Ashirin, talatin, arba'in. A hamsin da uku aka fara ƙirgawa da ƙarfi. Ta wuce saba'in da tara, inda ta saba faɗuwa, ko gezau. Ƙwai na zubowa kamar ruwan Agusta, babban yatsanta kaɗai ke motsi a kan muciya. Tamanin da huɗu. Tamanin da biyar. Badruddeen ya miƙe tsaye bai sani ba. Tamanin da shida.

Sai ta ɗora hannun gem a cinyarta, ta naɗe hannayenta.

Ƙwai na tamanin da bakwai ya sauko a hankali a idonmu, ya wuce gefen kwando, ya fashe. 'Yar tsana ta faɗi zaune tana kuka irin nasu. Allo ya juya, DATONG ya fito da ruwan ɗorawarsa.

"Kun gani dai da idonku zan iya," in ji ta, ba ta ɗaga murya ba. "Ranar da zan ci shi, yana zaune a can yana kallo. Ba na cin mutum a bayan idonsa."

Badruddeen ya yi tsaki ya fita, rabin zauren suka bi shi, kuma da yawansu ba su ƙara dawowa ba. Jabir bai bi su ba. Ya daɗe a bakin ƙofa yana kallon allon, sannan ya shigo ya ɗauki hannu guda daga ƙusa ya zauna. Ni kuwa na koma shagona na rufe ƙofa, don ba na son a ga mai aski yana share ido da tawul ɗin kwastoma.

Da yamma ta leƙo ta ce in wani direban bas mai zuwa Bukuru da muka sani ya zo aski, in ba shi saƙo: a gaya wa Datong tamanin da shida. Bayan sati biyu direban ya dawo da amsa. Ya ce Datong ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya ce, "Ka gaya wa Mama ya riƙe min ɗayan nan. Ina zuwa."

Har ƙarshen 2009 da na tashi daga layin, bai zo ba. Kullum da hantsi ina jin kazar ta bango, ina wasa aska ina ƙirgawa, in ta kai tamanin da shida sai in ji ƙwai ya fashe.