Ranar da Na Ƙi Buga Jarka a Kafanchan

Shekarun baya, lokacin da gwiwoyina suke jin maganata, ni ce mai buga tulu a zumuntar matan cocinmu a Madakiya. Ban yi boko ba, 'ya'yana. Wannan ma jikata ce take rubuta mini, ina faɗa tana danna waya. Amma akwai kalmar Turanci guda da na sani kamar sunana, ita ce manej.

Ba a aji na koye ta ba, a mota na koye ta. Kwandasta ya tura ki tsakanin buhun masara da ƙafar wani, ya ce, "Mama, ki yi manej." Miya ta zo babu nama, uwargida ta ajiye kwano ta ce a yi manej. Tela ya ɗinka miki riga ta shaƙe ki a hammata, manej. Ka gaida marar lafiya, ka ce yaya jiki, ya ce yana manej. Ɗana malamin makaranta ya taɓa ce mini a wurin masu harshen, kalmar ba ta rashi kaɗai ba ce, har mai riƙe da babban kamfani abin da yake yi ke nan, shi ya sa ake ce masa manaja. Na ce to, ashe duk ƙauyen nan manajoji ne, albashi ne kawai babu.

To, a wata shekara aka kira babban taron zumunta a Kafanchan, kowace coci za ta kawo waƙarta. Mun daɗe muna koyon tamu. Mata su taso daga gonar citta, ƙasa a ƙafa, yaro a baya, su tsaya har a gama. Waƙar kuwa da tulu take farawa. Babban tulun ƙasa ne, ana bugun bakinsa da guntun soson katifa, muryarsa ta fito daga ciki kamar ta dattijo. Sai ya yi magana shi kaɗai tukuna, sannan mata su san inda za su shiga. In babu shi, kowacce za ta kama tata hanyar.

Ranar tafiya na naɗe shi da tsohon zane, na rungume shi a cinya a bayan a-kori-kura. Muna cikin tafiya motar ta faɗa rami, wata 'yar'uwarmu da Allah ya ba jiki ta taso gaba ɗaya ta sauka a kaina. Na ji ƙas. Da muka isa filin taro na kwance zanen, sai ga tsaga daga wuya har gindi. Na gwada bugu, ya yi tari kamar tsohuwar akuya.

Mama Fasto, wato matar fastonmu, malama ce mai sanyin hali. Ta duba tulun, ta duba ni, ta tafi ta dawo da wata jarka mai ruwan ɗorawa.

Ta ce, "Kaka, ba lokaci. Ki yi manej da wannan. Ai Allah zuciya yake dubawa."

Na ce, "Gaskiya ne, Mama. Amma kuma shi ya yi kunne."

Na dubi matanmu. Na san abin da ke ransu. Akwai cocin gari da suka zo da ganguna da fiyano, mu kuma 'yan ƙauye za mu tsaya gaban jama'a da jarka tana kwas-kwas. Ni da na yi manej da komai a rayuwata, ranar kalmar ta tsaya mini a wuya, ta ƙi wucewa.

Na ɗauki sosona na fita bayan fili, da ankon zumunta a jikina, ina bi gida gida kamar mai neman ɓataccen ɗan akuya. Gidan farko suka nuna mini durom na roba. A na biyu wata yarinya ta yi dariya ta ce, "Mama, wa ke ajiye tulu yanzu? Firji muke da shi." Na fara jin kunyar kaina, na ce ko dai taurin kai ne ya fito da ni.

Can gindin mangwaro sai ga wata dattijuwa Bahaushiya tana suyar ƙosai. A gefenta tulu ne baƙi, babba, a zaune cikin jiƙaƙƙen yashi.

Na ce, "Sannu da aiki, Hajiya."

Ta ce, "Sannu, Maman coci. Ƙosai ko ruwa?"

Na ce, "Tulun nake so."

Ta ajiye matsami ta kalle ni daga ɗankwali har takalmi. Na ba ta labari duka, ban rage ba.

Ta ce, "Ikon Allah. Kin fasa naki, shi ne kika zo ki ƙarasa da nawa? Wannan tulun ya girmi 'yata ta fari."

Na ce, "Ba ni na fasa ba, rami ne da wata baiwar Allah."

Ta ce, "Baiwar Allahn tana nan?"

Na ce, "Tana nan, amma ba za ta matso kusa da shi ba."

Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce in buga ta ji. Na buga, murya ta fito siririya saboda a cike yake da ruwa. Muka riƙa juye ruwan a bokitinta kaɗan kaɗan, ina bugawa ina saurare, har muryar ta sauka ta zauna inda nake so. Dum. Na ji ta a ƙirjina.

Hajiya ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe yana magana! Shekara da shekaru yana gefena bai taɓa ce mini uffan ba." Sai ta ce in ɗauka, amma in dawo da shi da hannuna, kuma a cike.

Ina ƙoƙarin ɗagawa sai ga Mama Fasto tana haki, ashe ta biyo ni. Ta ce cocin da ke gabanmu sun hau. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta cire gyalenta ta naɗa gammo, ta ce, "Kaka, ɗora mini, ƙafata ta fi taki sauri." Haka malama guda ta ratsa titi da tulu a ka, da takalmi mai tsini, ni ina binta ina cewa a hankali, a hankali.

Muna shiga ana kiran sunan cocinmu. Na zauna, na sa shi tsakanin ƙafafuna, na ɗaga soso. Da na sauke hannu, filin nan ya yi tsit. Tulun ya gama maganarsa, matanmu suka shiga tare kamar da baki ɗaya. Kafin mu kai tsakiya, matan wasu coci sun miƙe suna rawa, guɗa tana tashi ta ko'ina. Na ɗaga ido na hango Hajiya a bakin shinge da matsami a hannu, tana gyaɗa kai.

Da aka tashi na je famfo na cika shi, na kai mata da kaina. Ta zagaya shi da yatsa tana neman tsaga, ba ta samu ba. Sai ta tura mini wasu baƙaƙen ƙosai a takarda ta ce, "Ci. Ke kika ƙona su."

Na cinye su tas, a tsaye.

Har yau ban raina kalmar nan ba, ita ta raine mu da 'ya'yanmu a shekarun da babu. Amma na gane tana da wurinta, kuma mutum ne zai gaya mata inda za ta tsaya. Ko Allah ya fi jin tulu a kan jarka, wannan ban sani ba, na bar wa masu karatun Littafi. Abin da na sani shi ne, matan nan sun bar gonakinsu sun koyi waƙa da gajiya a jiki, kuma ranar babu wadda ta koma Madakiya da kai a sunkuye.