Ranar da Na Roƙi Allah Sanyi

Ni Bakano ne, kuma a wurina sanyi abokin gaba ne. Ko a Doha, inda kwalta ke lanƙwame takalmi, da rigar sanyi nake kwanciya saboda na'urar sanyaya ɗaki.

Lokacin kullen korona mu uku ne a ɗaki ɗaya a unguwar Ain Khaled, duk masu gadi a wani filin ƙwallo da ake ginawa don gasar cin kofin duniya. Da ni, da wani ɗan Zangon Kumasi mai bakin tsiya, sai wani ɗan Nepal, shiru-shiru. Larabcin kasuwa da guntun Turanci muke haɗawa mu fahimci juna.

Wata Juma'a ɗan Nepal ɗin ya ture abinci. Ashe tunanin ƙanensa yake, mai yi wa masu hawan dutse dako a can ƙasarsu. Aiki ya tsaya, motoci sun tsaya, gobe zai taka zuwa ƙauyensu. Hanyar kuwa ɗaya ce, ta ƙarƙashin wani gangaren dutse da dusar ƙanƙara ta jibge a kansa tun hunturu.

Na karɓi wayarsa na duba hasashen yanayin can. Rana tar, ɗumi yana ƙaruwa. Na ce, "Alhamdu lillahi! Abokina, ka gaya masa kada ya yi sammako. Ya sha shayinsa, ya bari rana ta ɗaga sosai, kada sanyi ya kama masa ƙirji. Ni kuma zan roƙa masa ƙarin rana."

Bawan Allahn nan da bai taɓa ɗaga murya ba ya miƙe tsaye. "Kashe min ƙane kake so ka yi?"

Raina ya ɓaci, wallahi. Daga nasiha sai kisan kai? Har na fara naɗe hannun riga, sai na ga ya nufi firjinmu ya zare wayar wuta, ya buɗe ɓangaren sama inda ƙanƙara ta yi kauri don babu mai kankarewa. Ya ce in ɓamɓaro ta. Na sa farce, na sa cokali, ko gezau. Ya ce to mu jira.

Bayan kamar awa guda ruwa ya fara ɗiga ta ƙarƙashinta. Babu wanda ya taɓa, sai ji muka yi rim! Faifan ƙanƙara guda ya zamo ya rufe kifin da ɗan Kumasi ya ajiye a firjin.

Ya ce haka dutsensu yake idan hunturu ya fara janyewa. Sanyin asuba ke riƙe da dusar. Da rana ta bugi gangaren, ruwa zai shiga ƙasanta, gaba ɗaya ta zaftaro kan duk wanda ke hanya. Dole a wuce kafin rana ta iso, idan kuma ba ta daskare ba, a haƙura da tafiyar.

Ɗan Kumasi yana tono kifinsa ya ce, "Malam, yalla, maza je ka janye addu'arka tun ba a amsa ba."

Na ji kunya ƙwarai. A sallar la'asar, ni ɗin nan, na ɗaga hannu na roƙi Allah sanyi mai tsanani, wanda zai daskarar da dutse.

Washegari muna bakin ƙofar aiki, kowa da takunkumi, wayar ɗan Nepal shiru. Hantsi ya wuce, azahar ta wuce. Ya daina amsa gaisuwar direbobi.

Dab da tashi daga aiki wayar ta yi ƙara. Ya saurara, ya saurara, sai ya durƙushe a kan tsakuwa. Yaron ya tsallake tun da duhun asuba. Yana isa ɗaya ɓangaren ya zauna hutawa, kafin tsakar rana ya ji rugugi a bayansa, hanyar duk ta binne.

Ɗan Nepal kuka yake kamar ƙaramin yaro. Na rungume shi. Shugaban masu gadi yana daga nesa yana ihun mu ba da tazarar mita biyu, na ce ya rubuta sunana in ya ga dama, ban sake shi ba.